Madafin Inna da bulo mai huda

Da aka ce mu ne da makalar wannan mako, niyyarmu ita ce mu yi magana a kan yadda ake siffanta gida a cikin labari. Muna cikin tsara abin da za mu ce sai muka tuna da wani bango da muka gina wa mahaifiyarmu a Talata Mafara, muka dawo muka fasa rabinsa da guduma tun shekara ba ta zagayo ba. Sai muka ga gara mu ba ku labarin bangon.

Gidanmu irin gidajen da kuka sani ne. Zaure, sai tsakar gida mai rijiya da bishiyar dogon yaro, sai ɗakuna a jere. Madafin Inna rumfa ce kawai ta tsohon kwano a kan dirkoki huɗu, ta jingina da katangar gabas, gabanta a buɗe yana kallon tsakar gida. Tun muna yara a nan take, kuma ba girkin gida kaɗai ake yi a cikinta ba. Sana'ar Inna ita ce turara shinkafa kafin a kai inji. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, shinkafa ta zama abin da yankinmu ke ci yake kuma sayarwa, daga Maradun zuwa Mafara har Bakura, kuma mata da yawa irin Inna da wannan turare suke rufa wa kansu asiri. Wanda ya san aikin ya san wutar da yake ci: rabin duro a kan murhu, itace da kara da buntu, hayaƙi tun hantsi har la'asar.

A watan Satumba na 2021 Gwaggonmu, yayar Baba, ta iso gidan daga wani ƙauye na ƙasar Maradun, da surukarta da jikoki huɗu. Lokacin ne aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako, saboda haka babu wanda ya sanar da mu. Sallama kawai muka ji a zaure bayan magariba. Matar da muka sani da rumbuna, wadda duk kaka sai ta aiko mana da gero da wake, ita ce tsaye da ƙullin kaya a ka.

Bayan kwana kaɗan Gwaggo ta nemi duwatsu uku ta kafa nata murhun a gefen na Inna. An yi an yi da ita a ci tukunya ɗaya, ta ƙi. Mun fahimci dalilinta daga baya: mutumin da ya saba bayarwa, karɓa tana yi masa nauyi. Matsalar ita ce madafi a buɗe yake. Duk matar da ta shigo yi mata barka da arziki, idonta sai ya bi ta kan murhun nan biyu, ta ga wanne ke ci wanne ya kwana da toka mai sanyi. Mai tallar kuka da daddawa ta gani, almajiri ya gani, yarinyar da aka aiko ɗibar wuta ta gani. Ba wanda ya taɓa cewa komai, amma a unguwa ba sai an ce ba. In Inna ta zuba tsaba a ƙwarya za ta miƙa mata, sai ta duba ƙofa tukuna.

Wata safiya Inna ta kira mu ta ce, "Ku samo mini zana biyu ku kare mini madahin ga." Iyakar abin da ta roƙa ke nan.

A lokacin muna shekarar ƙarshe ta difloma a fannin gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke nan garinmu, kuma kanmu ya cika da zane-zane. Muka ce haba Inna, zana kusa da wuta? Tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ga gara, ga akuya, ga damina, bayan shekara biyu sai an sake wata. Duk gaskiya muka faɗa. Amma a ƙarƙashin wannan gaskiya akwai wani abu da ba mu faɗa ba: kunya muke ji abokan karatunmu su shigo su ga uwar ɗalibin gini tana girki a bayan ciyawa. Muka shawo kan Yayanmu mai fataucin albasa ya kawo kuɗi, muka zana taswira da ma'auni, a farkon 2022 aka tayar da ɗaki sosai. Bulo inci shida ta kowane gefe, sabon kwano, ƙyauren ƙarfe, taga ɗaya ƙarama, filasta da fenti ruwan madara. Har hoto muka ɗauka muka sa a Facebook, mutane suna ta Allah ya yi albarka.

Inna ta shiga ta duba, ta fito ta ce, "Allah shi biya." Ba ta ƙara ba.

Mako biyu bai cika ba fentin ya koma ruwan toka, wata guda ya zama baƙi. Hayaƙin da a da yake tashi ya bi iska, yanzu sai ya bugi kwano ya dawo ya sauka daidai inda mai girki take zaune. Tagar nan ɗaya ba ta da abokiyar ja. An koya mana a aji cewa iska ba ta shiga ɗaki sai tana da hanyar fita, mun ma amsa tambayar a jarrabawa, amma da muka zo gidanmu sai muka gina akwati. Idanun Inna kullum jawur. Gwaggo, wadda dama ta zo da tari, ta fara kwana tana yi. A watan Afrilu, zafin bazara daga sama, zafin murhu daga ƙasa, ɗakin ya zama tanderu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mun san wannan adadi, mun taɓa kawo shi a wata muhawara. Bai hana mu kulle mahaifiyarmu da hayaƙi ba.

Amma abin da ya fitar da ita daga ɗakin wani abu ne dabam. Wata ranar Talata, gida ya watse an tafi kasuwa, Inna na ciki tana juya shinkafa. Ƙaramin jikan Gwaggo, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya lallaɓa ya je bakin rijiya, kuma wani ya ja ruwa ya bar murfin a gefe. Allah ne ya kawo surukar Gwaggo daga banɗaki ta fizge shi ta riga. Da Inna ta ji salati ta fito, ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta tsaya tana kallon bangon. Shekara talatin daga wancan wuri take tsaron gidan nan: tana tuƙi tana ganin wa ya shigo, wa ya taɓa randa da hannu mai datti, wace kaza ta hau shanya, wane yaro ya nufi rijiya. Mu kuma muka ɗauka girki kaɗai take yi a wurin.

Washegari ta kwashe duwatsunta ta kafa su a gindin dogon yaro, a fili, inda ya fi tsohuwar rumfar ma tonon asiri. Ɗakinmu mai ƙyauren ƙarfe ya zama ma'ajiyar buntu da wurin kwanan kaji. Yaya ya daina yi mana maganar gini gaba ɗaya, wanda ya fi zagi ciwo.

Bayan sallar layya muka je Bakura suna, gidan kakarmu ta wajen uwa. Maza suna waje, mu kuma aka aike mu ciki da buhun gawayi. Madafin Kaka yana nan yadda muka san shi tun muna ƙanana: darnin kara ta baya, zana ta gaba, asabari a ƙofa. Muka ajiye buhun, ta ce mu zauna mu sha fura, muka tsuguna a gefenta. Sai muka lura da abin da muka yi shekara ashirin muna gani ba mu lura ba. Daga inda muke zaune, ta tsakanin saƙar zanar, tsakar gidan gaba ɗaya a tafin hannunmu take. Muna ganin mata suna shigowa da kwanuka, muna ganin yara suna kokawa a bakin turmi. Hayaƙi kuma yana silalewa ta dubban ƙananan kafofi, ba ya tsayawa. Da muka fita muka waiwayo daga tsakiyar rana, ba mu ga komai ba sai ciyawa. Kaka tana ciki, tukwanenta suna ciki, amma ko inuwarta ba a gani.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Ido yana bin haske. Wanda ke cikin inuwa yana ganin wanda ke cikin rana ta ƙaramar kafa, musamman in yana kusa da kafar. Wanda ke cikin rana, daga nesa, hasken da ke kan fuskar zanar ne yake cika masa ido, abin da ke bayanta ya zama duhu. Wannan Inna ta nema da ta ce zana biyu: abin da zai bar hayaƙi ya fita, ya bar idonta ya fita, ya hana idon baƙo shiga. Mu muka ji kalmar "kare" muka fassara ta da "toshe".

Da muka koma gida muka shiga bincike, sai muka tarar duniya ta daɗe da wannan dabara, kowa da kayan da ƙasarsa ta ba shi. Alhazan da suka zaga tsohon garin Jidda sun ga tagogin katako masu saƙa da suka turo kai daga jikin benaye, waɗanda ake kira rawashin. A Alƙahira sunanta mashrabiyya, kuma bayanin da aka fi yi shi ne sunan ya fito daga kalmar sha ta Larabci, don a nan ake ajiye tulun ƙasa iska ta bi ta kansa ruwan ya yi sanyi. Duk wanda ya girma da randa a inuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A Indiya dutse suke sassaƙawa su huda, suna ce masa jali. Ginin Hawa Mahal da ke Jaipur, wanda aka yi a 1799, fuskarsa duka ƙananan tagogi ne irin waɗannan, an yi su ne don matan fada su kalli titi ba tare da an gan su ba. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun sha ganin jaruma tana leƙe ta irin wannan bango, ba mu taɓa haɗa shi da zanar Kaka ba. A Brazil kuwa, a garin Recife, wasu mutum uku suka yi rajistar bulon siminti mai huda a 1929, suka haɗa farkon sunayensu suka kira shi cobogó. Danginsa ne bulon nan mai ado da maginanmu ke ce wa fansi, wanda kuke gani a tsofaffin makarantu da masallatai da barandar gidajen ma'aikata.

Wani abin dariya shi ne abin da ake yayi yanzu a manyan gidaje. Ana rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo a ce an yi buɗaɗɗen kicin irin na Turai, sannan a ga baƙo yana kallon tukwane da kwanukan wanke-wanke, sai a koma a sayo allon katako ko na ƙarfe wanda inji ya yanka masa furanni a kafa a tsakani. An biya kuɗi sau biyu an dawo inda Kaka take. Ba ma ganin laifinsu, mu ma sau biyu muka biya.

Da kaka ta yi, Inna ta sayar da shinkafa, mu ma mun samu ɗan aikin duba gini, muka je wurin wani tsohon birkila a unguwarmu. Muka nuna masa sabon zanenmu: a fasa bangon da ke kallon tsakar gida daga tsayin ƙirji zuwa sama a jera fansi. Ya duba takardar ya juya ta, ya ce, "Ƙirjin wa? Naka ko nata?" Muka yi shiru. Ya ce a kira Hajiya. Ya sa aka kawo kujerarta 'yar tsugunno aka ajiye a inda murhu zai zauna, ya ce ta zauna kamar tana tuƙi. Ya tsuguna ya daidaita idonsa da nata, ya ɗauki gawayi ya ja layi a bango. Layin ya faɗo ƙasa da namu da kusan bulo biyu. Da an bi zanenmu, da Inna sama kawai za ta riƙa gani da rassan dogon yaro. Mun auna bangon da tsayin namiji a tsaye, alhali mai wurin a zaune take aikinta.

Ya kuma hana mu taɓa bangon gabas. Mun so a huda shi don iska ta ratsa, ya ce hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, feshin ruwa zai kashe wuta ya jiƙa buntu, shi ya sa tun farko rumfar ta ba gabas baya. A maimakon haka ya buɗe layi biyu na fansi can sama ƙarƙashin kwano a bangon kudu, don hayaƙi mai zafi sama yake nema, ya bar arewa a toshe saboda ƙurar hunturu. A zaɓen bulon ma ya fi mu gani. Mun so wani mai manyan furanni, ya ce ramukansa sun yi faɗi, kaza za ta shige, ido ma zai shige. Ya zaɓi mai ƙananan ramuka kuma mai kauri, domin kaurin bulon ne ke tare wanda ya kallo daga gefe. Wanda ya fito daga zaure a karkace yake ganin bangon, don haka cikin ramin kawai zai gani. Sannan ya sa ginshiƙi a tsakiya da rodi a sama, don fansi ba ya ɗaukar nauyi, ado ne da iska.

Kwana huɗu aka yi. Mu muka riƙe guduma a rana ta farko, kuma ba za mu ɓoye muku ba, kowane bugu sai mun tuna kuɗin albasar Yaya.

Inna ta mayar da duwatsunta ciki ba tare da an roƙe ta ba. Gwaggo ma ta mayar da nata. Abin da ke faruwa tsakanin murhun nan biyu, wa ya zuba wa wa, wace tukunya aka juye a wace, tun daga ranar babu wanda ya sani a waje, har mu 'ya'yan gida. Muna dai jin muryar Inna tana fitowa ta cikin ramuka: "Kai, sauka daga nan!" Yaran sun daɗe suna mamakin yadda take ganinsu.

Kada mu yi muku ƙarya cewa komai ya gyaru. Hayaƙi ya ragu sosai amma bai ƙare ba, murhun itace murhun itace ne, kuma tarin Gwaggo sai da aka je asibiti. Kunkunniya tana taruwa a cikin ramukan, duk bayan 'yan makonni sai an bi su da tsintsiya ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan aiki a kanmu ya faɗa, hukuncin da ya dace da mu. Ɓeraye sun gode mana. Mun gwada sa raga ta ciki, maiƙo da toka suka toshe ta cikin wata biyu, muka cire. Sannan akwai abin da ba mu yi tunaninsa ba sam: da dare lissafin juyawa yake. In wuta na ci a ciki tsakar gida kuma ta yi duhu, na waje ne ke ganin na ciki tar, har zanen fansin yana faɗowa a ƙasa kamar an shimfiɗa darduma. Kyau kam akwai kyau. Amma a watan azumi, lokacin girkin sahur da na buɗa-baki, Inna ta ce ba ta son wannan sinima. Ta aika Bakura aka kawo mata asabari, ta rataye shi ta ciki, da rana a naɗe, da dare a sake.

Da muka sayo mata ƙaramar tukunyar gas a 2023, birkilan nan ya sake zuwa ya cire bulo biyu a can ƙasa kusa da daɓe ya sa fansi, don gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Gas ɗin bai daɗe ba, tsada ta mayar da mu ga itace, amma ramukan suna nan, kyanwa ce ke amfani da su.

Abin da ya sa muka ga labarin ya shafe mu a nan shi ne, bayan duk wannan mun koma mun karanta wani gajeren labari da muka rubuta tun muna aji ɗaya. Jarumar tana shiga kicin ta buɗe firij, ta jingina da kabad, ta kunna gas. Mun rubuta shi ne a zaune a tsakar gidanmu, hayaƙin buntu yana shiga mana ido. Ba mu ce kada a rubuta gidan masu kuɗi ba, akwai su, kuma masu karatu suna son su. Amma a labarai nawa kuka ga an faɗi inda uwar gida take zama, me take iya gani daga wurin, wa ke iya ganinta? Kishi, rowa, kara, talauci, duk a madafi suke fara nuna fuska. Mu da muke da'awar lura, sai da birkila ya ja layi da gawayi muka san tsayin idon mahaifiyarmu.

Gwaggo tana nan tare da mu har yanzu. Ramukan fansi sun zama mata kanta: nan ta soke ludayi, nan ashana, nan ƙullin kanwa, har Inna tana mitar an toshe mata hanyar kallo. Kwanan baya muna share kunkunniya ta ce mana in Allah ya kawo lafiya ta koma gida, ba ta son bulo, zana za a yi mata kamar da. Muka ce to Gwaggo, Allah ya nuna mana. Ta ɗan yi shiru tana gyara itace, sannan ta ce ko da yake yanzu zanar ma ta yi tsada, don gamba a daji take, kuma masu zuwa yankanta sun ragu.